RA'AYINMU: Harajin Lemon Kwalba, Lafiyar Talaka Ake Nema Ko Aljihunsa?

 

A ranar 31 ga Disamba, 2021 ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya rattaba hannu a kan Dokar Kuɗi ta 2021, wadda a cikinta aka ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba da sauran abubuwan sha masu zaƙi da ake sarrafawa a masana'antu. Hukumar Kwastan ta fara karɓar kuɗin a watan Yuni na 2022. Ministar Kuɗi ta wancan lokaci, Hajiya Zainab Ahmed, ta kafa hujja biyu: cewa ana so a rage wa jama'a yawan shan sukari saboda cututtukan da yake jawowa, kuma ana so a tara kuɗin da za a yi wa harkar lafiya da sauran muhimman buƙatu hidima da shi.

Tun daga nan ake ta kai ruwa rana. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, wato MAN, ta yi ta kururuwar cewa harajin zai durƙusar da kamfanoni, ya jefa ma'aikata cikin zaman kashe wando. Ƙungiyoyin da ke fafutukar kiwon lafiya kuwa, irin su CAPPA ta Legas, cewa suka yi naira 10 wasan yara ce, a mayar da ita naira 130. Abin lura shi ne kowane ɓangare da sunan talaka yake rantsuwa. Wannan ya ce abincinsa yake karewa, wancan ya ce lafiyarsa, gwamnati kuma tana tsakiya tana ƙirga kuɗi. Shi kuwa talakan da ake faɗan a kansa ba wanda ya tambaye shi. Saboda haka muka ga ya wajaba mu warware wa masu karatu wannan mas'ala, mu kuma faɗi inda muka tsaya.

Da farko dai a san cewa cutar da ake magana a kanta gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babban mutum yake ƙarawa a cimarsa kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokalin shayi 12, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Lemon kola na asali yana ɗauke da kimanin giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan kwalbar roba guda mai rabin lita, irin wadda yaro yake shanyewa a tsaye a ƙofar shago, ta cinye kason yini gaba ɗaya. Kuma sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa yadda abinci yake yi. Mutum zai sha, ya kuma zauna ya ci tuwonsa cif. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke ɗauke da ciwon a Nijeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su ma san suna da shi ba. Wanda ya taɓa jinyar mai ciwon sukari ya san ma'anar wannan: gyambon da ba ya warkewa, ido yana dushewa, allurar insulin da ba a fashinta, daga ƙarshe wankin ƙoda da ke cinye gona da gida.

To, shin tsada tana hana saye? Masana tattalin arziki suna rarrabe kayan masarufi gwargwadon yadda mai saye yake ja da baya idan farashi ya tashi. Gishiri, alal misali, ko an ninka kuɗinsa sai uwargida ta saya, domin miya ba ta yiwuwa sai da shi, kuma abin da ake buƙata kaɗan ne. Lemon kwalba ba ya cikin wannan aji. Bincike-binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama sun nuna cewa idan farashinsa ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, abin da ake saye yakan ragu da kimanin kashi 10 ko fiye da haka. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara a 2016 ta ce harajin da zai yi tasiri shi ne wanda ya ɗaga farashin da mai saye yake biya da aƙalla kashi 20 cikin ɗari.

Ƙasar da aka fi buga misali da ita ita ce Meziko, wadda mutanenta suke cikin na gaba-gaba a duniya wajen shan lemo. A watan Janairu na 2014 ta ɗora peso ɗaya a kan kowace lita, abin da ya ɗaga farashi da kusan kashi 10 cikin ɗari. Masu bincike suka bi diddigin cefanen dubban gidaje a birane, suka tarar cewa a shekarar farko sayen lemon da aka ɗora wa haraji ya ragu da kashi 6 a matsakaici, raguwar tana ƙaruwa wata bayan wata har ta kai kashi 12 a Disamba. A gidajen marasa ƙarfi kuwa raguwar ta kai kashi 17 a wannan watan. A lokaci guda sayen abubuwan shan da harajin bai shafa ba, musamman ruwan kwalba, ya ƙaru da kashi 4. Saudiyya ta fi zafafawa: a watan Yuni na 2017 ta ɗora kashi 50 cikin ɗari a kan lemo mai gas, da kashi 100 a kan abubuwan shan da ake kira masu ƙara kuzari, kuma cinikin lemo mai gas ya faɗi da kimanin sulusi. Babu jayayya ke nan a kan asalin ƙa'idar. Farashi yana juya mai saye, kuma ya fi juya wanda hannunsa bai kai bayansa ba.

Yanzu mu auna namu da wannan ma'auni. Naira 10 a lita tana nufin naira 5 a kwalba mai rabin lita. Idan ana sayar da kwalbar naira 200, harajin kashi biyu da rabi ne cikin ɗari. Idan ta kai naira 500, ya koma kashi ɗaya tak. Ina kashi ɗaya, ina kashi 20? Wane magidanci ne zai fasa sayen lemo saboda naira 5, a zamanin da mai shago ma ba shi da canjinta? Kuma da yake dokar ta yanke adadi ne tsayayye ba tare da ta ɗaure shi da hauhawar farashi ba, kowane wata harajin ƙara narkewa yake yi. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa a watan Yuni, dalar da ake saye wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba na shekarar. Duk wannan guguwa ta wuce, naira 10 tana nan inda aka ajiye ta. Meziko tana sabunta nata adadin daidai da hauhawar farashi saboda gudun irin wannan.

Haƙiƙa gidaje da yawa sun rage shan lemo a waɗannan shekaru, kowane mai tireda zai shaida. Amma kada wani jami'i ya tashi ya ce nasarar harajinsa ce. Mutumin da albashinsa naira 70,000 ne, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024, yana lissafin kwanon masara ne da kuɗin makaranta, lemo ya fita daga cefanensa tare da nama da ƙwai da madara. Wannan raguwa yunwa ce ta kawo ta, kuma ba abin alfahari ba ne ga kowace hukuma.

A nan ya kamata a tsaya a dubi yadda lemo yake shiga gidajenmu, domin ƙididdigar wata ƙasa ba za ta gaya mana wannan ba. Akwai shan yau da kullum: na ɗan kasuwa a tsakar rana, na direba a tasha, na ɗalibin da ake saka wa lemon kwali a jakar makaranta. Wannan shi ne wanda farashi yake saurin tanƙwarawa, kuma shi ne ya fi illa ga jiki saboda ɗorewarsa. Akwai kuma sayen fita kunya: baƙo ya zo, suna, ɗaurin aure, walima, kai gaisuwar surukai, buɗa-baki, ranar Salla. A da ruwan randa mai sanyi da fura ake tarar baƙo da su. Yau an wayi gari wanda bai ajiye wa baƙonsa kwalba ba gani yake ya gaza. Mai irin wannan saye ba ya fasawa don farashi ya tashi. Ko dai ya ci bashi, ko ya sauka zuwa samfurin da ya fi araha. Masu karatu za su tuna yadda kasuwa ta juya a wajejen 2015 da 2016, lokacin da Big Cola da Bigi suka shigo da kwalba mafi girma a kuɗi kaɗan, har manyan kamfanonin da suka daɗe suna cin karensu babu babbaka suka shiga sake lissafi. Darasin da ke ciki shi ne harajin da aka yanka bisa kason farashi, kamar kashi 20 cikin ɗari da Ghana ta ɗora a 2023, yana iya tura mai saye ga lemo mai araha wanda sukarinsa bai gaza na mai tsada ba. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Sai kuma babbar tambayar da masu goyon bayan harajin ba su cika son a yi ba: wanda ya bar kwalba, me ya koma sha? A Meziko wasu sun koma ruwa. A nan fa? Zoɓo ne, da kunun zaƙi, da kunun aya, da lemon gari na leda da ake damawa a bokiti, da shayin da ake zuba wa sukari har cokali ya kusa tsayawa a ciki. Wanda ya taɓa tsayawa a teburin mai shayi da safe ya ga yadda ake ɗibar sukari, ko ya ga yawan wanda ake juyewa a tukunyar zoɓon sayarwa, ya san cewa sukarin da ke shiga jikin mutanenmu ba duka ta kwalba yake bi ba. Mai yawa daga cikinsa daga mudu yake fitowa da ƙullin leda, kuma harajin bai san da zamansa ba. Ba muna kira ba ne da a bi bazawarar da ke ƙulla zoɓo tana ciyar da marayu a ce ta biya haraji. Wannan zalunci ne, kuma ba ma zai yiwu ba. Abin da muke cewa shi ne duk wanda ya yi wa jama'a alkawarin cewa harajin kwalba kaɗai zai kawar da ciwon sukari, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hujjarsa. Zoɓo da tsamiya da aya ba su da laifi a kan kansu. Hannun da ke zuba sukarin ne abin gyara, wannan kuwa aikin ilmantarwa ne a gida da makaranta da asibiti.

Ruwan ma da ake cewa a koma masa, ina yake? Unguwanni nawa ne a Kano da Gusau da Maiduguri famfonsu ya zama abin tarihi, sai jarkar 'yan garuwa da ruwan leda wanda shi ma kuɗinsa ya ninka? Hukumar da ke son a bar lemo a sha ruwa, wajibinta na farko shi ne ta sa tsabtataccen ruwa ya zama mafi arahar abin sha kuma mafi kusa da hannu.

Da an so lafiya tsakani da Allah, akwai hanyar da ta fi wannan, kuma an gwada ta. Birtaniya ta ba da sanarwar nata harajin a watan Maris na 2016, ta ba kamfanoni shekara biyu kafin ya fara aiki a Afrilun 2018. A tsarin da aka fara da shi, lemon da sukarinsa bai kai giram 5 a mililita 100 ba ba ya biyan komai, daga 5 zuwa 8 yana biyan wani adadi, abin da ya haura haka ya biya mafi yawa. Me ya faru? Kamfanoni suka ruga suka rage sukarin da ke cikin kayansu don su kuɓuta daga biya, har sukarin da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2015 da 2019. Gwamnati ta yi hasashen samun fam miliyan 520 a shekara, ta dawo ta rage hasashen zuwa 240 tun kafin a fara karɓa, kuma ta ɗauki wannan a matsayin cin nasara. Afirka ta Kudu ta bi irin wannan tafarki a Afrilun 2018: giram 4 na farko a kowace mililita 100 kyauta ne, kowane giram da ya biyo baya yana da kuɗinsa. Binciken da aka yi a kan cefanen gidajen birane ya nuna cewa yawan lemon da ake saye ya ragu da kashi 29, amma sukarin da ake samu daga gare shi ya ragu da kashi 51. Ratar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu, mafi yawanta aikin rage sukari ne a masana'anta.

Hikimar wannan tsari a fili take. Nauyin yana komawa kan kamfani, wanda shi ne yake da ikon sauya abin da ke cikin kwalba, kuma amfanin yana isa har ga mai sayen fita kunya da ba zai fasa saye ba. Dokar 2021 kuwa ba ta bambanta kwalbar da aka cika da sukari da wadda aka sassauta ba; lita lita ce. Kamfanin da ya rage sukari bai tsira da ko kwabo ba, to don me zai rage? Harajin da aka tsara don lafiya burinsa ya wayi gari abin da yake tarawa yana raguwa. Wanda aka tsara don tara kuɗi kuwa so yake a ci gaba da sha.

Game da kukan masu masana'antu, ba mu raina batun aikin yi ba a ƙasar da matasa suka cika tituna. Sai dai binciken da aka yi a Meziko bayan harajin bai gano raguwar ma'aikata a masana'antun abin sha ko a shaguna ba, domin kuɗin da mutum bai sayi lemo da shi ba wani abin yake saye da shi. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kashin dankali: naira 5 a wurin attajiri da naira 5 a wurin ɗan dako ba ɗaya ba ne, kuma duk harajin da aka ɗora a kan abin ci da sha ƙaramin ne ya fi jin sa. Masu kare harajin suna amsawa da cewa talaka shi ya fi rage sha, don haka shi ya fi cin ribar lafiya. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. Sauran rabin yana ga inda kuɗin ya tafi.

Malaman fiƙihun da suka yi wa shugaba rangwamen karɓar wani abu daga jama'a bayan zakka, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, ba su bar ƙofar a buɗe ba. Sun yi maganar buƙata ta haƙiƙa, da gazawar baitulmali, da ɗora nauyin a kan mawadata gwargwadon abin da zai toshe buƙatar, Shaɗibi kuma ya ƙara da sharaɗin adalcin shugaba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a cikin Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su. Mun yarda cewa harajin da ake nufin tsare mutane daga cuta da shi yana da fuskar maslaha da waɗancan ba su da ita. Amma tun da shi bai tsaya kan mawadata ba, ya haɗa har da ɗan dako, to hujjar da ake bin mai karɓarsa ta ƙara nauyi, kuma amanar kashe shi ta ƙara tsanani.

A nan ne aka fi ba mu kunya. Dokar 2021 ba ta keɓe ko sisi na wannan haraji ga kiwon lafiya ba. Yana shiga asusun tarayya ne a raba shi tare da sauran kuɗaɗen shiga. Alhali kuwa fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a neman lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fita kai tsaye. A Abuja ne shugabannin Afirka suka taru a watan Afrilu na 2001 suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, ga shi mai masaukin baƙin ta shafe shekaru tana jan ƙafa a wajejen kashi 5. Mai ciwon sukari ya biya haraji lokacin da yake sha, ya kuma biya kuɗin gwaji da na magani lokacin da ya kwanta. An yanka shi sau biyu da wuƙa ɗaya. (Ba za mu tsawaita ba a kan cewa gwamnatin da ke cewa a rage sukari ita ce tun 2012 take da babban shirin bunƙasa noman rake da tace sukari, da gonakin Numan da Sunti da Lafiagi. Rage dogaro da ɗanyen sukarin Brazil abu ne mai kyau, sai dai ya kamata ma'aikatun su zauna su daidaita bakinsu.)

Matsayinmu ke nan. Muna goyon bayan harajin da zai rage wa al'umma cuta, kuma ba mu tare da masu cewa a soke shi don kare ribar kamfanoni. Amma ba za mu sa baki a kiran a ninka naira 10 sau 13 ba matuƙar za a bar ginin yadda yake. A auna harajin da giram ɗin sukarin da ke cikin kwalba, a bar wa kamfani ƙofar kuɓuta idan ya rage, a ɗaure adadin da hauhawar farashi, a tilasta rubuta yawan sukari a gaban kwalba da manyan baƙaƙe yadda mai ƙaramin karatu zai gane. Sannan a rubuta a cikin dokar kanta, ba a jawabin minista ba, kason da zai tafi ga gwajin sukari kyauta a ƙananan asibitocin unguwa, da sassauta kuɗin insulin, da ruwan sha a makarantun firamare.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ba ya buƙatar sabuwar doka. Hukumar Kwastan tana da lissafin kowace lita da aka biya wa haraji tun Yunin 2022, Ma'aikatar Kuɗi kuma tana da lissafin yadda aka raba. Muna kira ga 'yan'uwa a kowace mazaɓa da su rubuta wa ɗan majalisar wakilansu da sanatansu, su nemi a buga waɗannan alƙaluma shekara-shekara a jaridu, a karanta su a rediyo da harsunan da jama'a ke ji, kafin kowane ɗan majalisa ya ɗaga hannu a kan ƙarin ko naira ɗaya.